Kalmomi Bakwai a Allon Misis Holroyd

Daren Talata, a ɗakin karatu na Burngreave,
ruwan Sheffield na bin gilashi kamar marar wurin kwana.
Misis Holroyd ta jera kalmomi bakwai a farin allo,
ta ce duk 'yan ɗaki ɗaya ne a Turanci,
duk suna nufin ƙarami ya shige cikin babba.

Mu goma sha ɗaya ne.
Ga ɗan Yaman mai facin taya,
ga gyatumar Somaliya da jakar magungunanta,
ga ni, Tanimu, mai juya tsofaffi a gadon jinya
daga goman dare har assalatu.

Ta farko, in ji ta, ta soso ce:
ya sha ruwa, ruwa ya ɓace.
Na ce a raina, ai soso ana matse shi.
Ta biyu ta hanji ce,
inda tuwo ke zama jini ya manta an taɓa tuƙa shi.
Ita ce kuma, ta ce tana gyara tabarau,
ake yawan faɗa wa baƙi.
Ba wanda ya ɗaga biro.

Ta uku ta 'yan kasuwa ce,
kamfani ya lamushe kamfani
ya bar masa tsohon sunansa a ƙofa, don kunya.
Ta huɗu ta fi ladabi, da kwat take yawo,
ita ke zuwa cikin wasiƙar hukuma:
ga kujera, zauna, amma cokalin namu ne.
Sauran ukun sun kuɓuce mini,
hankalina na kan bas ɗin ƙarfe tara.

A bas na shiga ƙirga namu.
Haɗiye. Shanye. Narke. Saje.
Gauraya, irin ta gero da dawa a buhu,
kowa na riƙe da ƙwayarsa.
Cuɗanya, wadda ba ta yiwuwa da baya ɗaya.
Surki, ruwan sanyi a kan na zafi
don a samu na wankan jariri.

Har na fara jin daɗi, na ce namu sun fi tausayi,
sai Iya Ladi ta faɗo mini,
uwar babana, da ta zo Gusau daga Zuru
da wani harshe ƙunshe a bakinta.
Shekara hamsin tana soya mana ƙosai da Hausa.
Ran da ta cika, cikin jikoki talatin
babu mai ko gaisuwar safe da harshen nan.
Ashe mu ma muna da maƙogwaro.

A gida Hindatu ba ta yi barci ba.
Na ce, kin ci abinci?
Ta fahimta sarai,
ta amsa da muryar garin nan, mai cinye ƙarshen kalma.
Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu
ina neman wace ce cikin bakwai ɗin ke aiki a ɗakina.

Ƙarfe uku, ɗaki na shida, Dennis bai runtsa ba.
Shekara arba'in ya yi a bakin wutar narka ƙarfe,
tafinsa har yau kamar bayan kunkuru.
Na karanta masa kalmomin daga takardata,
ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, yaro, zallan ƙarfe ba ya yanka komai,
sai ya sha gawayi, ɗan kaɗan.
Ba ka ƙara ganin gawayin,
amma shi ne kaifin.

Ban ce masa babana maƙeri ne ba,
ban ce na ja zugazugi tun ban kai uwar maƙera tsawo ba,
kuma ban taɓa jin an tambayi gawayi ko ya yarda ba.

Na sa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa,
ɗaya, biyu, na juya shi ya fuskanci taga.
Ya yi nishi.
Sannan, kamar kullum tun watan azumi,
ya riga ni faɗa, da bakinsa marar haƙori:
sannu, sannu.