Har da Kuskurena

A wani shago can gindin tudu, a Valparaíso,
inda jiragen ruwa ke kuka da asuba,
na ga baitina a jikin kofin shayi.
Kofi goma sha biyu jere kan kanta,
kowanne da sunan Baltasar Quiroga.

Ban san shi ba.
Shi ma bai san Anselmo ba, ubana,
bai taɓa jin ƙarnin kifi a rigarsa ba,
ba ya nan daren da teku ta ƙi dawo da shi,
ina rubutu, hannu na rawa, inna na tari.

Na sa a intanet don dangi na nesa.
Can ya gani, wai tsintuwa ba sata ba.

Mai shagon ta ce, "Peso dubu shida, 'yata.
Mutumin nan ya iya magana."

Na juya kofin.
Kwalekwalen baba kore ne,
hawaye suka sa na rubuta shuɗi,
ban kuma gyara ba.
Ga shuɗin nan daram.
Ya kwashe har da kuskurena.

Na sayi ɗaya.
Gobe lauya zai gani.
Yau dai a ciki zan sha shayi,
ba sukari.