Mai Gadin Duwatsu

Aikin da na samu bana gadin duwatsu ne.
Ku yi dariyarku, albashi ake biya.
Akwati tamanin da huɗu a rumfar kwano,
kowanne da sandunan dutse a jere
kamar raken da za a kai Tudun Wada.

Da rana injin na huda bayan gonar Barau,
yana shan ruwa fiye da shanun ƙauyen nan,
yana amayo cikin ƙasa gaɓa-gaɓa.
Injiniya Asabe, 'yar Samaru,
takan jiƙa dutsen, ta kara gilashi a ido,
ta yi shiru, ta rubuta lamba.
Ba ta taɓa cewa akwai ko babu ba.
"Sai an dawo daga gwaji, Baba Tanimu."

Ran Talata suka tashi ɗan jirgi marar matuƙi,
ya yi ta shawagi kamar shirwa ta hango 'yan tsaki.
Da yamma ta nuna mini taswira a kwamfuta,
ta ɗora yatsa kan wani jan tabo:
"Nan muke zato."
Na duba da kyau. Ramin kakana ne.

Jatau sunansa, ƙwarya ce na'urarsa.
Zamanin Bature ya wanke yashin rafin nan
har faratansa suka zube,
yana tara ƙyalli a kwalbar turare.
Ya biya harajin shekara uku, ya sayi jaki,
aka ba shi tari gyara.
Jakin ya daɗe bayansa.
Yau kwaɗi ke haya a ramin.

Ban gaya mata ba.
Abin da jirgi ya hango daga sama,
tsoho da gwiwa ya rarrafo ya same shi.

Dare ya raba, na haska tocila a akwati na sittin.
Ga wani ɗigo, ƙwayar gero ta fi shi,
yana kallona.
Ko shi ne? Ko mai kama da shi,
wanda ta ce yana ruɗin masu gaggawa?
Na tofa yawu, na goge da bakin riga.
Bai dushe ba.

Na mayar da shi gurbinsa, lamba na kallon sama,
na koma kan bencina.
Can Dutsen Kufena ya yi baƙi ƙirin.
Rijiyarmu kuwa tun watan jiya take ja da baya,
igiyar guga har an yi mata ƙari biyu.
Wannan zan tambayi Asabe gobe,
in ta sauko daga mota.