Zare Uku

Shekara sha tara tana tsugune
gindin dogon yaro a Bilbis,
Pijon babana, kat-san-kat, fara a da,
yanzu launin tokar murhu.
Kaji sun yi jikoki a kujerar baya.

Inji ya tashi ran Talata, da tari, da hayaƙi.
Saura bolan,
wanda ƙetaren Ƙwanni ake ce wa sitiyari.
A karkace yake tun ina yaro:
mota na bin hanya sak, shi yana harara hagu.
Na ce yau sai na miƙe shi.

Na ɓalle murfin oda.
Ga shi can ƙasa, noti ɗaya tak,
ja kamar tukar goro,
tsatsa ta haɗe shi da sandar ƙarfe
har ba ka sanin inda wannan ya ƙare
wancan ya fara.

Na sa kile. Na danna. Na yi nishi.
Kile ya zame, ya tafi da fatar yatsu biyu.
Na zagi wanda ya ƙera shi
a ƙasar da ban taɓa takawa ba.

Nomau makanike na kan tsohuwar taya
yana fifita gawayin shayi.
Ko ɗagowa bai yi ba.
"Ƙarfe ba ya jin tsawa," in ji shi.
"Mai motar ma bai ji ba."

Gazuwal ɗigo-ɗigo, da ɗan man birki.
Muka ba shi wuri ya sha.
Kofi na fari, mai ɗaci.
Motar albasa ta wuce daga Galmi,
ƙaurinta ya zauna tare da mu.
Kofi na biyu. Aka kira azahar.

Da muka dawo ya ɗaure bolan da igiyar guga
jikin ƙafar kujera,
ya zura wa kile tiyo mai kamu uku,
ya ƙwanƙwasa notin da ƙaramar guduma
a hankali, yana saurare,
kamar mai zaɓen kankana.
"Yanzu jingina. Kar ka fizga.
Ba shi nauyinka kawai."

Na jingina.
Shiru. Zufa na shiga mini ido.
Sai ƙas!
kamar an karya kara cikin dare,
shekara sha tara ta saki.

Na hau juyawa da yatsu, ina dariya,
Nomau ya kama mini hannu.
"Bar masa zare uku."
Ya ɗaga leɓe ya nuna mini giɓi.
"A tashar Badagishiri na sayi wannan.
Abin da ya daɗe a riƙe,
ranar da ya saki, fuskarka yake nema."

Na girgiza, dama, hagu, na ja.
Bolan ya tumo, ya bugi notin, ya tsaya
ɗan yatsa ɗaya daga hancina.

Na aza shi a cinya.
Ta gefen hagu baƙin ya goge, ya yi santsi,
wuri huɗu a lotse, da na babban yatsa.
Nan Bizo ya riƙe, gwiwar hannu bisa taga,
Tawa zuwa Kaita, Kaita zuwa Tawa,
da buhu, da akuya, da mai naƙuda,
har muka girma.

"Sau nawa na ce ya bari in gyara,"
in ji Nomau, yana juye na uku.
"Sai ya ce hannunsa ya san hanya."

Na goge haƙoran sandar da tsumma.
Na shafa musu giris.
Na daɗe ina duba.

Na mai da shi yadda na same shi,
yana harara hagu.
Nomau bai ce komai ba.
Ya miƙo mini kile, da kofi mai zaƙi.