Igiyar Murya

A Maiurno, bayan isha'i,
in an ɗauke wuta, na jira.
In an kawo, na shimfiɗa tsohuwar jarida
bisa teburin da ƙafarsa guda ke kan bulo.
Da rana ina koyar da lissafi,
da dare ina yi wa akwatuna bincike.

Yau rakodar Baffa ce a gabana,
wadda ya saya a Madani
shekarar da kogi ya cinye gonar albasa.
Kusoshi shida. Na biyar ya ƙi,
kansa ya side kamar haƙorin tsoho.
Na lallashe shi da ɗigon man keken ɗinki,
na ba shi lokacin shan jabana ɗaya,
ya juyo.

Ciki: ƙura, fiffiken kyankyaso,
da ƙwayar riɗi, Allah kaɗai ya san hanyarta.
Sai koren allo,
hanyoyin tagulla kwance a bayansa
kamar magudanan Jazira in ka hango daga saman lori,
wannan na shayar da waccan,
waccan ta ɓace ƙarƙashin gada.

Wanda ya zana su bai bar mini taswira ba.
Bai taɓa jin sunan garinmu ba.
Ina bin sawunsa da fensir
a bayan takardar wani yaro da ya faɗi jarrabawa.
Nan ya yi kwana. Nan ya yi rowa,
ya sa ƙarami inda babba ya dace.
Nan kuwa ya yi kyauta ba a roƙe shi ba.
Dare uku, na fara sanin halinsa,
har na yi masa faɗa sau ɗaya.

Ga mai laifin: ɗan tulu mai ƙafa biyu,
ya kumbura, ya yi amai ya bushe.
Na ciro ɗan'uwansa daga mataccen rediyon Usta Siddiƙ.
Mamaci ma yakan yi sadaka.

Saura igiya, daga rakoda zuwa wayata.
Na fere mata riga da reza:
ja, fara, da wata tsirara da ta naɗe su.
Ita marar rigar
ita ke tare musu surutun duniya.
Ummulhairi na riƙe da tocila,
tana hure hayaƙi daga idona.
Dalma ta narke, ta yi hawayen azurfa,
ta sami babban yatsana kafin ta sami waya.
Ban ce komai ba. Yarinya na kallo.

Na danna.
Zuuu, kamar amya ta fashe a ɗaki.
Na sa ja a gidan fara.
Malamin lissafi, ya kasa ƙirga uku!
Ta yi dariya har hasken ya hau rufi.
Na warware, na sake.

Kaset ya ja numfashi.
Tari.
Sannan Gwaggo Tabawa, daga Makka,
shekara talatin da wani abu:
tana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya,
rabinsu yanzu suna can gabas da kasuwa
ƙarƙashin ƙasa ɗaya da Baffa.
Tana tambaya ko akuyar ta haihu.
Ta ce ta aiko yadi huɗu, kada a ba tela Jibo,
yana cin baki.
A bayanta mota na oda,
wani na tallar ruwa da Larabci.

Wace ce? in ji Ummulhairi.
Hausarta irin ta da.
Na buɗe baki in amsa,
sai Gwaggo ta kira sunana,
ta ce a hana yaron nan taɓa rakoda,
zai lalata.

Lambobi na tafiya a fuskar waya.
Ba wanda ya motsa
sai da muka ji ƙauri:
ƙarfen dalma, na manta shi kwance,
yana cin jarida a hankali.