Ƙafa Ta Huɗu

Shekara goma sha ɗaya ban ji muryarka ba,
sai takardar lauya ta iske ni a Santiyago:
ka bar min rumfar aikinka a Dalcahue,
da zarto biyu, da bashin wuta.

Sayarwa na zo yi.
Ruwa na dukan kwanon rufi ba ji ba gani,
ga tebur a kife, ƙafa uku a sama,
ta huɗu na jingine da bango.

Tsoho Eliseo, maƙwabcinka, ya ce,
"Riƙe gizagon haka. A'a, ba da fushi ba.
Katako na da hanyar da yake so a bi shi,
kin saɓa masa, ya tsage."
Ashe ka san wannan.
A kan katako ka san shi.

Wata uku ina ɓarna.
Farcen babban yatsana ya yi baƙi, ya fita.
A ƙotar akwai gurbi
da tafinka ya ci sannu a hankali;
nawa ya zauna ciki daram,
abin ya ba ni haushi.

Wata Talata na ga fensirinka a cikin teburin:
awo, lissafi, gyara,
sai sunana, Maite,
da alamar tambaya.

Kada ka ɗauka na huce.
Ƙafar dai na kafa ta.
Ta gaza sauran da ɗan kaɗan,
in na aje kofi sai ya yi ɗingishi.
Eliseo ya ce a rage ukun.
Na ce a bari.
Na ninke takardar lauyan,
na cusa a ƙarƙashi.