Yajin Sawita

A Gusau, can bayan Tudun Wada,
ta saman gajeriyar katanga,
Inna Tasalla ta koyi yajin nan
wajen Sawita, matar malamin lissafi,
Ba'indiyar da Hausarta ba ta wuce "sannu" da "kaɗan-kaɗan" ba.
Sun koma ƙasarsu tun ina goye.
Yajin ya ƙi bin su.

Yau ni ce gaban turmi.
Na jiƙa jan barkono a ruwan zafi
har ya saki jiki kamar tsohon da ya samu inuwa.
Tafarnuwa dunƙule biyar, ɓawon na manne mini a farce,
ina ɓara, ina ɓara, har aka kira la'asar.
Gishiri bakin cokali. Tsamiya 'yar mitsil.
Sawita, in ji Inna, a dutse take niƙawa,
mu kuwa taɓarya muka gada.

Man gyaɗa ya yi zafi a kasko,
na juye, cuuu!
Atishawa ta kama ni, ta kama akuya,
ta tsallaka gidan Malam Barmo
har ya leƙo yana tambayar wa ke shirin korar unguwa.

Na yi ta juyawa har mai ya taso, jawur,
alamar da Inna ta ce kada in sauke sai na gani.
Na lakata, na ɗora a harshe.
Hawaye suka zubo.
Ɗiyata ta ce, "Umma, yajin ne?"
Na ce shi ne.

Kwalbar Inna na nan bisa kanta,
wankakkiya tun sadakar arba'in.
Na cika ta.