Abin da Fumfuna Ta Bari

Baba Nomau ya kawo karan gero a amalanke daga Jiratawa,
dami uku, da ɓawon gyaɗa buhu guda, gyara.
Ya ce, "Tsahara, jaki ma ya ƙi wannan,
me za ki yi da shi a ɗakin kwalabe?"
Na ce, "Ruɓar da shi zan yi."
Ya daɗe yana kallona, sannan ya nemi ruwan sha.

Na daddatsa, na jiƙa, na turara,
na ɗura a kwalba, na shuka fumfuna,
na toshe baki da auduga.
Sati shida ana ɗauke wuta ana kawowa,
farin zare na saƙa kansa cikin duhu,
bai tambayi kowa ƙarfe nawa ba.

Abin da ke tsayar da kara gaban iskar damina,
ƙashin da ba ƙashi ba,
shi littafi ke kira lignin:
zobba ne na kabon, shida-shida,
a sarƙe kamar tarun masuntan Madarunfa
da aka jibge ba a warware ba.
Ruwa ba ya narkar da shi.
Tumbin saniya ma gaisawa kawai suke.
Amma fumfuna tana da yawu mai haƙuri,
ta ciji nan, ta kwance can,
ta bar guntaye
waɗanda ruwa ke iya goyawa.

Na tace. Ya fito kalar jiƙon bagaruwa.
Da ya bushe, bai cika cokalin shayi ba.

A faranti mai ramuka na ɗiga shi
kan ƙwayoyin halitta da na sakar wa bairos.
Ramukan da na tsallake sun zama kufai.
Sauran, da dama, suna nan da ransu.
Zatona guntayen sun manne wa cutar
kamar ƙarangiya a ƙafar wando,
ta kasa lalubo ƙofa.
Zato ne. Faranti ba mutum ba ne.
Sau biyu na rubuta haka, don kaina.

Bayan la'asar Baba ya bugo waya:
"Maganin ya nuna?"
Na ce, "Da saura."
"To, ragowar karan fa, in sa masa wuta?"

Na dubi ɗan garin da ke gindin kwalba.
"Bar shi, Baba.
Jibge shi a inuwar bedi,
ka riƙa yayyafa masa ruwa."